Lokotoro Ɗan Azumi da Bakin Surukinsa

Wanda duk ya zauna Madarumfa a shekarun da gyaɗa ke da daraja ya san Ɗan Azumi. In ma bai san fuskarsa ba ya san muryarsa, don muryar takan riga shi isa wuri. Shi ne gwamnati ta tura Dakar koyon likitancin haƙori. Ya yi shekara guda a can, ya dawo hutun damina da farar riga ta likita, da jan karabat ɗaure a wuya, da garmaho a akwati, da kuma sabon suna wanda shi ya raɗa wa kansa, ba rago ba goro. Sunan shi ne Lokotoro, wato likita.

To, ga abin da bai taɓa fitowa daga bakinsa ba. A shekarar nan tasa bai taɓa sa hannu a bakin mai rai ba. 'Yan ajin farko sabulu ake ba su su sassaƙa siffar haƙori, shi kuwa nasa sabulun wanka ya yi da shi. Abin da ya koya tsakani da Allah shi ne rawa. Wani kiɗa na mutanen Kuba ya shiga ransa, ya ba shi ƙafafunsa da lokacinsa duka, littattafai suka samu abin da ya rage. Saboda haka malamai suka ce ya sake zama inda yake. Shekarar da zai koma ya fara sabuwa ce fil, ajin ne dai tsoho. In an tambaye shi sai ya gyara karabat ya ce malaman ajin ne suka ce ba su gaji da shi ba.

Abu ɗaya yake so ya gama kafin ya koma, shi ne maganar Atika, 'yar Alhaji Shu'aibu mai sayen gyaɗa. Yana son yarinyar nan, wannan kam ba cika baki a ciki.

Shi Alhaji Shu'aibu ta ƙasa ya je Makka, ta Chadi da Sudan, ya yi shekaru a hanya har aka fara cire rai da shi. Da ya dawo akwai masu gunaguni cewa Sudan kawai ya tsaya ya yi noman auduga. Bai yi musu da kowa ba, murmushi kawai ya yi, sai ga haƙorin Makka na zinariya a sama ta gefe. Tun ran nan bakin masu gunaguni ya mutu, shi kuma murmushinsa ya koma na gefe guda. Ko gaisuwar mutuwa ya je, sai haƙorin ya leƙo ya yi tasa ta'aziyyar.

Manyan Ɗan Azumi sun kai goro. Suka iske Alhaji ya ɗaure haɓa da rawani, kunci a kumbure, wani haƙori na baya ya hana shi sakat. Goro dai ya karɓa, amma ya ce musu, "Sai haƙorin nan ya rabu da ni. Kahin nan ba ni ce ma kowa i, ba ni ce ma kowa a'a."

Ga damina tana naɗe tabarmarta, ga makaranta ta kusa buɗewa.

Ɗan Azumi ya tare Atika a hanyar garka, lambun bakin tabki, tana ɗauke da kwandon kuɓewa. Tun ranar da aka karɓi goro ta daina faɗin sunansa, kamar yadda ya kamaci yarinyar da aka fara maganarta.

"Mutumin Dakar," ta ce, "ni hwa ba ni zaman jiran gawon shanu. In mota ta ɗauke ka Baba bai ce komi ba, ka tahi da rawarka."

"Haba Atika, ai magana ta ƙare."

"Ba ta ƙare ba. Salisu mai kamyon Ɗan Issa, babbar motar kayan nan, ya zo jiya, ya ce shina kai Baba likita Maradi, a gidan gaba, ba ko dala. Kuma ka san ba don Allah ba ne."

"Salisu? Mutumin da bai san bambancin haƙori da ƙusar taya ba? A ɗauki Baba a kai Maradi, alhali Dakar da kanta ta zo Madarumfa?"

"To Dakar ta yi sauri," in ji Atika, ta gyara gammonta ta wuce.

Kafin ta isa gida, muryar Lokotoro ta isa kasuwa. Ya tsaya gindin tsamiya inda masunta ke baje kifi, ya shaida wa duniya cewa shi zai raba Alhaji da haƙorin nan a gaban kowa.

"Haƙoran da na cire a Dakar," ya ce, "in an zuba su tabkin nan, sai ku taka ku ƙetare ba ku jiƙa wando ba. Akwai wani Bature da na cire ma shina barci. Da ya hwalka sai da ya tambayi matarshi ko dama can shina da haƙori a wurin."

Gambo masunci, taubashinsa, yana zaune yana fere kifi. Ƙato ne, ba ya gaggawar magana, amma ba ya barin ta wuce.

"Kai da ko ƙayar kihi sai Gwaggo ta cire maka?"

"Kihi ba shi cikin karatunmu."

"To mi ke ciki?"

"Abin da in na hwaɗa maka sai kanka ya yi ciwo, ni kuwa ba likitan kai ba ne."

Aikin farko, in ji Lokotoro, shi ne kwantar da kumburi. Ya sayo kanumfari ya ba Gwaggo Ɗelu, wadda ta rene shi, ya ce ta daka lukwi. Gwaggo ta daka a turmin da ta gama dakan barkono, don turminta ɗaya ne kuma ba wanda ya tambaye ta. Ya ƙulle garin a ƙyalle ya ba Gambo ya kai, da umarnin a cusa a gindin haƙori a rufe baki.

Alhaji ya cusa ya rufe baki, amma bakin bai daɗe a rufe ba. Masu wanki a bakin tabki sun ce sun ji ƙarar, har wasu suka ɗauka saniya ce ta faɗa rijiya. Da maƙwabta suka shiga, suka iske Alhaji ya tsoma kai cikin randa har wuya. Washegari kuncin ya ninka, idon wannan gefen ya rufe, leɓe ya yi kamar an ɗora masa wani a kai.

Gambo ya kawo labari. Ɗan Azumi ya saurara yana kaɗa kai irin na wanda lissafinsa ya fita daidai.

"Madalla," ya ce. "Ciwon ya taso daga ciki ya hito waje. Nan muke son shi."

"Alhaji ya ce in tambaye ka, kai da wa kuke son shi."

Saura kayan aiki. Abin da Lokotoro ya zo da shi daga Dakar na wannan sana'a bai wuce farar riga ba, riga kuwa ba ta cire haƙori. Ya je maƙera ya aro awartaki, irin wanda ake riƙe jan ƙarfe da shi. Ya ce dole a dafa shi don kashe ƙwayoyin cuta, sai ya jefa shi a tukunyar da ya iske bisa wuta. Da Gwaggo ta zo kaɗa miya, maburgi ya ci karo da ƙarfe. Ta tsamo shi, ta dube shi, ta dubi ɗanta.

"Wannan naman na wace dabba ne?"

Ranar nan gidan suka ci tuwo da miya mai ɗanɗanon maƙera.

Sai gwaji. Ya ce hannu in ya kwana biyu bai yi aiki ba yakan yi sanyi, don haka zai ɗumama shi a kan jakin Gambo, wanda ke kai kifi kasuwa. Ya zaɓi ranar kasuwa, don a ganinsa ilimi ba abin ɓoyewa ba ne. Jama'a suka yi da'ira. Ya sunkuya, ya ɗage leɓen jaki, ya fara bayani a kan tushen haƙori da rassansa. Jaki ya ga wani jan abu yana lilo a gaban hancinsa, ya kama. Da ya ji abin yana da mutum a ƙarshensa sai ya tsorata, ya juya ya nufi gida, bai kuma saki ba.

Haka aka ratsa layin masu tumatir, aka ratsa na masu tukwane, jaki a gaba, Lokotoro a baya a duƙe, yana bin karabat ɗinsa da wani irin taku wanda, a faɗi gaskiya, da bai koyi rawa ba da ya faɗi tun a tumatir. Sai a bakin masu goro ƙyallen ya tsage. Jaki ya tafi da rabi, ya bar masa rabi.

Ya miƙe, ya kakkaɓe riga, ya dubi jama'a.

"Na gama bincike," ya ce da shaƙaƙƙiyar murya. "Haƙoranshi lahiya lau. Babu na cirewa."

Ranar aiki ta zo. Da hantsi ya sa farar riga, ya ɗaura abin da ya rage na karabat, ya ɗauki awartaki zai fita, sai Gwaggo Ɗelu ta tsaya masa a bakin ƙofa.

"Ina zuwa?"

"In duba bakin Alhaji."

"Bakin wa? Kai Ɗan Azumi, Dakar ɗin kunya ma cire ta suke? Mutumin da ya amshi goronka? Suruki hwa! Ba ka duban huskarshi, ba ka tsayuwa shina zaune, ba ka isa gabanshi da takalmi, ba ka ci ba ka sha inda yake. Yanzu kuma sai ka tsaya bisa kanshi ka leƙa har maƙogwaro? Ka bari in mutu tukuna."

Ashe can ma gidan Alhaji maganar ke nan. Gambo ya zo da saƙo, ya faɗe shi yadda aka ba shi: "Alhaji ya ce, yaron da aka amshi goronshi ba shi ganin cikin bakin Alhaji. In ya gani, to ba suruki ba ne. In suruki ne, to ba shi gani."

Ƙofar gidan Alhaji ta cika, don duk wanda aka gayyata a kasuwa ya zo, har da waɗanda jaki ya gayyato. Dattawa suka rabu biyu. Wasu suka ce ciwo lalura ne, lalura kuwa tana ɗage kunya. Wasu suka ce ai kunya ba rawani ba ce da za a tuɓe a rataye a sake naɗawa. Ana cikin haka sai ga kamyon Salisu ya tsaya a gefe, shaƙe da buhunan gyaɗa. Salisu ya sauko, ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa ya fuskanci zaure, ya ce shi da la'asar zai tashi zuwa Maradi, kuma ya share gidan gaba ya shimfiɗa bargo.

Ɗan Azumi ya ga tuɓe takalmin nan, ya ji zuciyarsa ta yi zafi. An ce baki shi ke yanka wuya, nasa kuwa kullum a wase yake.

"Wa ya ce sai na gani?" ya ce. "Gani ai na 'yan koyo ne. Mu can, in ka kai wani matsayi, ido hutawa yake. A kawo zana!"

Aka kawo zana, aka kewaye wani wuri a inuwar zaure, aka kifa turmi a ciki Alhaji ya zauna. Aka huda zanar daidai bakinsa, huda mai shigar hannu guda. Ta haka babu mai ganin bakin Alhaji a buɗe, suruki ko bare. Gambo aka sa a ciki, a bayan Alhaji, ya riƙe shi.

"Komi ya yi kada ka saki," in ji Lokotoro. "In ka ji shina ƙoƙarin tashi, to aiki na kyau."

Shi kuma ya tuɓe takalmi, ya tsuguna a waje, ya kau da kai gefe, ya dubi ƙasa. Dattawan ɓangare biyun duk suka gamsu. Wani ma ya ce tun da yake bai taɓa ganin yaro mai ladabi irin wannan ba. Gwaggo Ɗelu ta share ƙwalla da bakin zane.

Daga cikin zana aka ji muryar Alhaji, tana fita da ƙyar ta gefen da bai kumbura ba. "Gambo, ka ce ma yaron, na baya ne, wanda ke bayan na..."

"Gambo, ka ce ma Baba ya huta," in ji Ɗan Azumi. "Mai ciwo ba shi koya ma likita aiki. Sa mashi totuwa."

Gambo ya sa wa Alhaji totuwar masara tsakanin haƙora don kada bakin ya rufe, ya koma baya ya rungume shi, hannu da kafaɗa da kai, irin riƙon da yake yi wa babban kifi. Maganar Alhaji ta tsaya a nan.

Lokotoro ya jawo garmaho kusa da shi ya wana, ya ɗora faifai, amma bai saki ba tukuna. Ya ɗaga awartaki ya yi wa jama'a bayani.

"Mata, in za ku sayi tukunya, yaya kuke gane mai tsaga?"

"Ƙwanƙwasawa muke," in ji wata daga baya.

"To haka haƙori yake. Masu lahiya amonsu guda. Mai ciwo shi kaɗai ke da nashi amo. Ku yi shiru ku ji ilimi."

Ya zura hannu ta hudar, fuska a kauce. Wuri ya yi tsit. Aka ji ƙwas. Aka ji ƙwas. Aka ji ƙwas. Sai aka ji ƙwal, wani amo siriri mai daɗi, wanda ba ya kama da na sauran ko kaɗan.

Daga cikin zana Alhaji ya yi wani gurnani mai tsawo.

"Kun ji?" in ji Lokotoro. "Shi da kanshi ya shaida."

Jama'a suka yi kabbara. Ya damƙe haƙorin da awartaki, ya miƙa ɗaya hannun ya saki garmaho. Ya ce a Dakar haka ake yi, kiɗa ke ɗauke hankalin mai ciwo. Kiɗan mutanen Kuba ya tashi a ƙofar gidan Alhaji Shu'aibu, da ƙahoni da ganguna, ya rufe duk abin da ke fitowa daga cikin zana. Abin da ke fitowa kuwa yana da yawa. Zana ta fara rawa. Ƙafar Alhaji ta ɓullo ta ƙasa tana haƙar rami. Gambo ya tuna an ce in ana ƙoƙarin tashi aiki na kyau, sai ya ƙara matsewa.

Haƙorin ya ƙi fita, don lafiyayye ne kuma an dasa masa zinariyar da kyau. Lokotoro ya ja, ya murɗa, ya saki numfashi, ya sake ja. Jikinsa kuma, wanda shekara guda yana horo, ya ji kiɗan da ya sani. Kafaɗa ta fara, ƙugu ya karɓa. Mutanen Madarumfa suka ga abin da ba su taɓa gani ba, mutum a tsugune, kai a sunkuye don kunya, hannu a bakin surukinsa, yana rawa. Duk inda ganga ta faɗi, nan yake fizga.

A wata babbar faɗuwar ganga abin ya taho gaba ɗaya. Lokotoro ya yi baya, ya zauna daram a kan garmaho. Faifai ya ce ƙaras, kiɗa ya mutu. Bai damu ba. Ya miƙe ya ɗaga awartaki sama, yadda na nesa ma zai gani.

"Ga shi!"

Rana ta faɗa kan abin da ke bakin awartakin, abin ya mayar mata da haskenta.

Ba wanda ya yi kabbara wannan karon. Wani tsoho ya ce, "Inna lillahi." Gwaggo Ɗelu ta ja mayafi ta rufe fuska gaba ɗaya. Ɗan Azumi ya ɗaga ido ya ga abin da kowa ya gani, amma bakin bai samu labari da wuri ba.

"Ku dubi yadda ya ruɓe," ya ce. "Har ya yi ruwan ɗorawa. Don tsananin ciwo har ƙyalli yake."

Salisu ya matso, ya leƙa, ya koma da baya cikin natsuwa.

"Lokotoro," ya ce, "wannan ciwon ai tun daga Makka aka zo da shi."

Daga cikin zana Gambo ya yi tambaya, "In saki?"

Sai ya saki.

Mutane suka ja da baya, don kowa ya ɗauka sanda ce za ta fara fitowa. Masu 'ya'ya suka kama hannun 'ya'yansu. Amma Alhaji ya fito a hankali, ya tofar da totuwa, ya karɓi buta ya kurkure baki, ya sake kurkurewa. Kuncin yana nan yadda yake, mai ciwon yana nan daram a mazauninsa. Sai dai a sama ta gefe, inda murmushi ke sauka, akwai wata ƙofa a buɗe. Ya zauna a kan buzunsa ya miƙa tafin hannu. Gambo ya zare haƙorin daga awartaki ya ɗora masa.

Alhaji ya daɗe yana dubansa.

"Ta ƙasa na tahi," ya ce, iska tana bin gurbin tana yi wa maganar fito. "Na ƙetare hamada da shi, na ƙetare ruwa da shi. 'Yan hwashi sun tare mu sun amshe komi, na rufe baki, suka bar mani shi. Ashe a ƙohwar gidana za a amshe, da kiɗa."

Ɗan Azumi ya riga ya zube a ƙasa, goshi kusa da turɓaya, ya fi kowane suruki durƙusawa tun da aka kafa garin.

"Ɗan Azumi."

Jama'a suka dubi juna. Tun ranar goro Alhaji bai ƙara kama sunan nan ba, sai dai ya ce yaron.

"Ɗago kanka. Dube ni."

"Baba, ai ni..."

"Dube ni da kyau. Ga huska, ga baki, leƙa har maƙogwaro in kana so. Gambo, miƙo mashi takalmanshi ya sa, ƙasa da zahi."

Gambo ya miƙo. Ɗan Azumi ya sa takalmin a zaune.

Alhaji ya juya wajen zaure ya ɗaga murya. "Atika! Damo hura. Ludayi biyu."

A nan ne Ɗan Azumi ya gane sanda ta fi sauƙi. Da duka ne, da ya warke kafin ya isa Dakar.

"Baba, na ƙoshi. Wallahi na ƙoshi. Ina jin kunya."

"Kunyar mi?" in ji Alhaji. "Ai ni da kai babu kunya tsakaninmu. Matso."

Atika ta fito da ƙwarya, ta durƙusa ta ajiye a gaban mahaifinta. Duk abin da ya faru ta ji shi daga bayan katanga, har kiɗan. Idonta ya yi ja, amma muryarta ba ta karye ba. Ta miƙa wa Alhaji ludayi guda. Ta ɗauki ɗayan, ta dubi mutumin Dakar ido cikin ido, abin da ba ta yi ba tun ranar goro.

"Ɗan Azumi," ta ce, "ga ludayi."

Ya karɓa. Ita kuma ta tashi ta shige gida ba ta waiwayo ba.

Alhaji ya yi bisimilla ya kurɓa. Fura mai sanyi ta bi ta sabon rami, ta zarce ta gai da tsohon ciwo, hawaye ya zubo masa ta idon da ke buɗe. Bai ajiye ludayin ba. Ya sake ɗiba, ya yi wa baƙonsa nuni da ya sha. Haka suka zauna gwiwa da gwiwa a gaban duk Madarumfa, ɗaya yana kuka don haƙori, ɗaya yana haɗiye nasa kukan da fura, har suka ga gindin ƙwarya. Sannan Alhaji ya sa aka ɗauko ƙullin goron nan, yadda aka kawo shi, aka ajiye a gaban Gwaggo Ɗelu.

Da la'asar kamyon Salisu ya tashi. Alhaji yana gidan gaba a kan bargo, haƙorin Makka ƙulle a bakin rawani. Ɗan Azumi yana baya a kan buhunan gyaɗa da akwatinsa, don Gwaggo ta ce tunda makaranta ta kusa buɗewa, gara ya je ya jira ta a can. Garmahon ta riƙe, ta ce ƙahonsa zai yi mata mazurari.

A garin Safo wani bafatake ya hau, ya zauna kusa da shi. Ya dubi farar riga da guntun karabat, ya tambaye shi ko shi wani babba ne a Madarumfa.

Ɗan Azumi ya gyara zama, ya buɗe baki kamar yadda ya saba.

"Ka ga Alhajin da ke gaba?" ya ce. "Duk samarin garin, ni kaɗai ya taɓa zaunarwa gaban jama'a muka sha hura ƙwarya guda."

Wannan kam gaskiya ya faɗa, shi ya sa muryar ba ta yi nisa ba. Sai da bafataken ya ce ya maimaita.